Amon Jitar Arvo

Litinin, 11 ga Maris, da safe

Amfilifayar Arvo, na'urar da ke ƙara wa jitarsa sauti, tana garejina. Shi ya sauke ta da hannunsa ran Asabar ta makon jiya, bayan mun tashi daga wasan kiɗa a mashayar Hilda. Ya ce bayansa na ciwo, zai dawo ya ɗauka. Jitar kuwa da ita ya tafi, ya sa ta bayan kujerar motarsa kamar kullum.

Jiya 'yan sanda suka ce masu nutso ba za su ƙara shiga tafki neman motarsa ba. Ƙanƙarar da ta rufe tafkin ta yi laushin da ba za ta ɗauki kayan aikinsu ba, kuma ba ta saki yadda jirgin ruwa zai ratsa ba. Sai ta narke. Wataƙila ƙarshen Afrilu, wataƙila Mayu. Sun kafa jar tuta a kan ƙanƙarar, inda sawun tayoyinsa ya ƙare.

Arvo yayana ne. Rabin mazan garin nan shi ya koya musu yadda ake gane ƙanƙarar da ta fara ruɓewa. Iyakar abin da zan rubuta a kai ke nan.

Maƙwabta sun cika mini firji da abinci. Na je aiki, na kwashi 'yan makaranta, na sauke su. Hanyar motar makarantar tana bi ta gefen tafki. Titi na kalla.

Laraba, 13 ga Maris, da yamma

Kaisa ta zo, 'yar Arvo guda ɗaya tal. Ta zauna a kicin ba ta cire rigar sanyi ba.

"Anti Marlys, ba zan ɗaga bikin aurena ba. Sha ɗaya ga Mayu yana nan."

"To."

"Mama ta ce na haukace."

"Noreen ce ta faɗi haka?"

"Ta faɗi abin da ya fi haka ma."

Na zuba mata kofi. Ta riƙe kofin tana ɗumama hannu, sannan ta ce, "Baba ya yi mini alkawarin Doguwar."

Tsohuwar waƙar rock ce ta zamanin muna yara. Tana da sunanta, amma mu a ƙungiyarmu Doguwar muke ce mata. Can wajen ƙarshe mawaƙi yakan yi shiru, jita ta karɓa ta yi ta kuka ita kaɗai. Wannan solon Arvo yana kaɗa shi tamkar yadda yake a faifai, har amon. Ni kuwa tun da muka kafa ƙungiyar, fiye da rabin rayuwata ke nan, a bayansa nake ina riƙe masa kiɗa.

Na ce, "Ban taɓa yin solo ba, Kaisa."

"Wa ya kai ki jin sa? Kusa da shi kike tsayawa."

"Ji daban, kaɗawa daban."

"Ba na son wani baƙo daga Marquette ya zo ya tsaya a wurinsa. Ke nake so. Kuma ba bugun kawai ba, Anti. Amon. Yadda in na rufe ido…"

Ba ta ƙarasa ba. Na ce zan duba. Ta bar kofin rabi.

Alhamis, 14 ga Maris, bayan aiki

Na yaye mayafin amfilifayar. Duk mamurɗan suna inda ya bar su. Ban taɓa ko ɗaya ba. Na kunna, na jira kwalaben ciki suka yi ja, na jona jitata.

Ashe yatsuna sun san hanyar. Ban taɓa koya musu ba, amma sun bi ta daga farko har ƙarshe, da tuntuɓe nan da can. Amon ne babu. Nawa siriri, kamar sauro a cikin gwangwani. Nasa mai kauri ne, kamar ƙaton mutum yana rera waƙa bakinsa a rufe, kuma in ya tura tsirkiya sama ya riƙe, sautin ba ya mutuwa sai ya ga dama.

Na kashe. Na mayar da mayafin.

Lahadi, 17 ga Maris, da rana

A coci fasto ya zo kan sunan Arvo cikin addu'a, ya ɗan yi jim. Bai san ko cikin marasa lafiya zai sa shi ba ko cikin ɗaya rukunin. Ya ce, "da ɗan'uwanmu Arvo," ya wuce.

An sha kofi da burodin nan mai zaƙi, nisu, a ɗakin ƙasan cocin. Mata sun yi ta shafa mini kafaɗa. Burodin ya bushe.

Talata, 19 ga Maris, da yamma

Duane mai gangarmu ya faɗo garejin ba sallama, da wani baƙin akwati a hannu.

"Tsohuwa, kina cin abinci kuwa? Kin koma kamar sandar ganga."

"Kai kuma ka koma gangar."

"Alhamdu, bakin dai yana aiki." Ya buɗe akwatin. Jita ce irin ta Arvo sak, sai dai launi. Wurin ɗan kawunsa ya aro. "Waccan taki ta 'yan kwayar coci ce. Ga wadda ake aiki da ita."

Na rataya. Nauyinta kamar na goya ɗan maraƙi.

Ya nuna maganaɗisun nan biyu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, masu ɗaukar sauti. "Na wajen wuya zai kunna in ya zo solo. Ina ganinsa. Sannan ya rage kaifin da ɗan yatsansa."

"Me mai ganga ya sani game da amo?"

"Ke, bayan sifikar mutumin nan na tsufa. Kunnena na hagu a kanta ya rasu."

Na yi yadda ya ce. Sautin ya yi kauri. An matso, amma ba shi ba ne. Duane ya zauna a kan tsohuwar taya yana buga gwiwarsa, muka bi ta sau da yawa. Can ya tsaya.

"Marlys, ran nan da muna loda kaya, ya ce da ni…"

"Miƙo mini wayar can."

Ya dube ni. Ya miƙo.

Asabar, 23 ga Maris, da hantsi

Na shiga intanet. Akwai wani dandali na maza da ba su da aiki sai gardama a kan amon solon Doguwar. Shekaru suna yi. Wani ya ce sirrin yana kwalaben amfilifaya, dole sai irin na da. Wani ya ce ƙarya ne, sifikar da aka ɗauki waƙar da ita a yage take. Wani ya rantse cewa fedar da ake takawa ce aka bari a rabi. Wani ya ce duk shirme, a yatsu abin yake, aka taru aka zage shi har uwarsa.

Na karanta duka. Na yi odar tsirkiyoyi masu kauri, don a kan wannan kaɗai suka yarda da juna.

Ban rubuta musu komai ba. Me zan ce?

Talata, 26 ga Maris, da safe

Ƙanƙara na nan.

Juma'a, 29 ga Maris, da yamma

Na kai wa Noreen tukwanen da mutane suka yi kuskure suka kawo gidana. Takalman Arvo suna bakin ƙofa, ta jera su. Ba ta ce in zauna ba, ni ma ban nema ba.

"An ce kina koyon waƙar."

"Kaisa ce ta roƙa."

"Na san wadda ta roƙa." Ta ci gaba da goge teburin da ba shi da datti. "Tun kaka yatsunsa biyu na hagu ba sa jin komai. Kin sani?"

"A'a."

"Likita a Marquette ya faɗa masa sunan abin. Ya ce ba a yatsu zai tsaya ba."

"Bai gaya mini ba."

"Ni ma sai da na tsare shi a banɗaki. Ya ce in na faɗa miki zai sayar da jitar." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kamar zai iya."

Na tsaya da tukwane a hannu. Ta karɓa ɗaya bayan ɗaya.

"Kada ki kaɗa ta, Marlys. Ba zan iya zama a ɗakin ba."

Da na dawo na sa sababbin tsirkiyoyin. Sun yanka mini yatsu. Ban ji zafin ba sai da na ga jini a kan katakon.

Litinin, 1 ga Afrilu, bayan aiki

Na gane abin da ya rage. Arvo ba ya kaɗa solon nan a hankali. Sai an buɗe wa amfilifayar wuta har ta fara gurnani, sannan sautin yake riƙewa. Na ɗaga ƙarar daga jikin jitar, ban taɓa mamurɗansa ba. Gilashin taga ya ɗauki rawa.

Ba a jima ba maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa, da jaririnta a kafaɗa yana tsala ihu. Ta yi ta ba ni haƙuri kamar ita ce ta yi laifi. "Na san halin da kike ciki, wallahi. Yaron ne kawai."

Wuri ɗaya na sani da za a yi irin wannan ƙara ba mai ji. Bukkar katakon da Baba ya bar mana. A bakin tafki take.

Laraba, 3 ga Afrilu, da yamma

Na loda kayan a mota. Na zauna a motar. Na sauke kayan.

Asabar, 6 ga Afrilu, da la'asar

Na je.

Hanyar duk taɓo da ragowar dusar ƙanƙara. Bukkar tana warin toka da ɓeraye. Na hura wuta a murhu, na ajiye amfilifayar a gindin taga don can ne kaɗai soket yake. Na juya wa tagar baya, na fara.

Ƙarar ta cika ɗakin har kwanuka suna motsi a kan kanta. Gurnanin ya zo. Amma duk sanda na kai kan dogon sautin nan na tsakiya, inda ake tura tsirkiya sama a riƙe, sai ya shanye ya mutu. Na sake, ya mutu. Na tuna yadda Arvo yakan juya ya fuskanci sifika in ya zo wurin, mu kuma muna tsokanarsa wai yana nuna wa jama'a ɗuwawu. Ashe ba yanga ba ce. Jitar ce take son ta ji kanta.

Na juya. Na tura tsirkiyar. Sautin ya kama, ya tsaya a iska, ya ƙi faɗuwa. Ina jin katakon yana rawa a cikina.

Tagar ce a gabana. Tafkin fari fat har ɗaya gaɓar. Can nesa, ɗan ɗigon ja.

Ban san tsawon lokacin da na riƙe ba. Yatsana ne ya gaji ya sake.

Wannan ya yi kusa. Ya yi kusa ƙwarai. Na jira in ji wani abu a raina. Na ci burodi da kifin gwangwani a tsaye, na kashe wutar murhu, na dawo.

Lahadi, 7 ga Afrilu, da rana

Na koma. Ban je coci ba.

Talata, 9 ga Afrilu, da yamma

Ina tsakiyar solon amfilifayar ta yi wani tari, ta yi shiru. Warin ƙonewa ya tashi.

Na kai ta wurin wani mai gyara a Houghton. Ya leƙa bayanta da tocila, ya ce kwalba ɗaya ta ƙone ta ja wani abu ya bi ta. Ya ce wa ya bar ta ta tsufa haka ba kulawa? Na ce mai ita ba ya nan.

Juma'a, 12 ga Afrilu, da rana

Na je karɓowa. Ya goge ta tas, har tana ƙyalli. Duk mamurɗan ya mayar da su sifiri.

Na tsaya ina kallonsu.

"Wa ya ce ka taɓa su?"

"Baiwar Allah, ai dole in murɗa in gwada. Kowa haka yake yi."

"Wa ya ce ka taɓa su?"

"Ai sai ki mayar inda kike so. Ba ki san inda suke ba?"

Ban sani ba. Kullum ina ganinsu, ban taɓa kallon lambobin ba. Ban ɗauki hoto ba. Ban ga dalilin ɗauka ba, tunda ba mai taɓawa.

An ce na yi masa ihu. Na san dai wani mutum da ya zo sayen waya ya fice da sauri, kuma maƙogwarona yana zafi yanzu. Mai gyaran ya ɗauko amfilifayar da kansa ya sa mini a mota. Ba shi da laifi.

Na zauna a wurin ajiye motoci har gilashi ya yi hazo.

Asabar, 13 ga Afrilu

Ban taɓa jita ba.

Talata, 16 ga Afrilu, da yamma

Duane ya bi ni bukka da 'yar ƙaramar gangarsa da pasti biyu masu zafi a takarda, burodin nan mai nama a ciki. Ya ce ba zai buga komai ba sai na cinye nawa. Na ci rabi, ya ce ya yafe sauran don shi ma yana so.

Muka fara neman wurin da kunne. Ni ina kaɗawa, shi yana tsugune yana murɗawa da kunnensa mai rai a jikin sifika.

"Nan?"

"Ya yi kaifi."

"Nan fa?"

"Yanzu kamar an rufe shi da bargo."

"Ke da yayanki duk halinku ɗaya. Ba a iya muku."

Mun sami wani wuri da ya yi kama. Ko shi ne, ko ba shi ba ne, babu wanda zai iya faɗa. Duane ya ɗiga jan farce na matarsa a kan kowane mamurɗi don kada a sake.

Da muna naɗe wayoyi ya ce, "Yau sai kin ji, ko ki toshe kunne. Ran nan da muna loda kaya, cewa ya yi in riƙa rage gudu a Doguwar, wai tsere nake yi. Shi ke nan abin da ya faɗa. Na juya maganar nan ta kowace fuska ko akwai wani abu a ƙarƙashinta. Babu. In rage gudu."

"Ai kuwa kana tsere."

"Na sani."

Ya fita waje ya daɗe, wai yana duba tayar motarsa.

Lahadi, 21 ga Afrilu, da hantsi

Ƙanƙarar ta yi baƙi. Ruwa ya buɗe a gefe-gefe. Tutar ta karkace.

Laraba, 24 ga Afrilu, da safe

An kwana ana iska. Da na biyo da motar makaranta, babu komai a kan tafkin sai ruwa. Yaran suka ruga taga ɗaya suna ihu. Na ce kowa ya koma kujerarsa.

Ɗan sanda ya kira da rana, ya faɗi ranar da za a ciro motar. Asabar.

Asabar, 27 ga Afrilu, da yamma

Mun tsaya a bakin ruwa, ni da Noreen da Kaisa da saurayinta Mikko. Mutanen gari sun tsaya can baya a jikin motocinsu. An kawo wani faffaɗan jirgi mai injin ɗaga kaya. Masu nutso suka shiga, suka fito, suka sake shiga da sarƙa.

Aikin ya ɗauki lokaci. Na lura takalmin Noreen bai dace da taɓo ba. Na lura agwagin daji sun dawo.

Bayan motar ne ya fara fitowa, da sitikar ƙungiyarmu a jiki. Sannan sauran. Ruwa yana ta zuba ta ƙarƙashin ƙofofi kamar ba zai ƙare ba. Suka yi sauri suka rufa tamfol a gaba.

Kafin su rufa na gani. Gilashin direba a ɗage yake har sama. A nan ko yaro ya san in za ka hau ƙanƙara da mota, sai ka sauke gilashi.

Ɗan sandan ya nufo mu, ya cire hularsa tun daga nesa. Kaisa ta zauna a ƙasa cikin taɓon. Mikko ya durƙusa ya riƙe ta. Noreen ta saurari mutumin har ya gama, ta ce masa ta gode.

Ya ce za su rubuta haɗari. Ya faɗa yana kallon hular.

Talata, 30 ga Afrilu, da rana

Noreen ta zo da akwatin jitar a bayan motarta. 'Yan sanda ne suka ba ta. Muka buɗe shi a kan ciyawa. Ƙyallen ciki ya jiƙe yana warin laka. Fentin ya tashi, wuyan ya tsage daga gindi, tsirkiyoyi duk tsatsa.

"Ba na son ta a gidana," in ji ta. "Kuma ba zan iya jefarwa ba."

"To."

"Akwai abin da zai yi aiki a jiki?"

"Wataƙila maganaɗisun. In sun bushe."

"Ki cire." Ta rungume hannuwanta. "Ban ce na yarda da waƙar ba. Na ce ki cire."

Ta tsaya tana kallo har na kwance na wajen wuya. Ɗan abu ne, bai cika tafin hannu ba. Ta karɓa ta jujjuya, ta goge shi da gefen rigarta, ta miƙo mini.

Na ajiye shi a kan kanta kusa da murhu.

Juma'a, 3 ga Mayu, da yamma

An yi jana'iza. Daskarewar ƙasa ta saki, an iya haƙa. Cocin ta cika har waje. Ba a yi kiɗa ba sai waƙoƙin littafi.

Kaisa ta kama hannuna a maƙabarta, ta juya shi ta ga kantar da ta fito a yatsuna.

Talata, 7 ga Mayu, bayan aiki

Ɗan kawun Duane ya ce in yi abin da na ga dama da jitarsa. Na cire nasa maganaɗisun, na dasa na Arvo, na haɗa wayoyin da dalma.

Na kai bukka, na kunna. Yana aiki. Duk zaman da ya yi a ƙasan ruwa, yana aiki.

Na kaɗa solon daga farko har ƙarshe. Na sake. Na zauna na saurari abin da na ɗauka a waya.

Babu bambanci da wanda na cire. In ma akwai, kunnena bai kai ba.

Na yi zaton zan ji haushi. Na share ɗakin, na kulle, na tsaya a shago na sayi madara.

Alhamis, 9 ga Mayu, da yamma

Gwaji a zauren bikin. Mai jitar bas ya ce, "Wallahi kamar shi." Duane ya ce masa ya yi shiru ya gyara tsirkiyarsa.

Lahadi, 12 ga Mayu, da hantsi

An ɗaura auren jiya. Kawun Mikko ne ya yi tayin rako Kaisa gaban fasto, ta ce a'a, ita da mamarta za su taka. Haka suka yi.

A zaure an ci, an sha, tsofaffi sun yi rawarsu ta polka. Mun kaɗa abin da muka saba, ina tsaye a wurina na kullum, gefen hagu, tsakiyar dandamali ba kowa. Rana ba ta gama faɗuwa ba Kaisa ta ɗago kai ta dube ni daga cikin mutane. Na matsa tsakiya. Duane ya ƙirga, a hankali, yadda bai taɓa yi ba.

Ita da Mikko suka fara rawa, sauran suka ja baya suka ba su fili. Noreen ta miƙe ta ɗauki jakarta. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya a nan, rabi ciki rabi waje.

Mawaƙinmu ya gama baitinsa ya ja da baya. Na kunna na wuya, na rage kaifi, na shiga.

Na yi tuntuɓe sau ɗaya a farko. Da na zo kan dogon sautin na juya wa jama'a baya, na fuskanci sifika, na tura. Ya kama. Ya riƙe. Ina cikin haka na ji mutum kusa da ni. Kaisa ce ta bar mijinta a tsakiyar fili, ta hau dandamali da farar rigarta, ta tsaya daf da amfilifayar, idonta a rufe, ƙarar tana kaɗa mata lulluɓi. A nan ta tsaya har na sauke.

Aka ɓarke da tafi. Ta buɗe ido. Kwalliyarta duk ta zubo.

"Bai yi kama da na Baba ba," ta ce a kunnena.

"Na sani."

"Ko kaɗan, Anti. Naki ne kawai." Tana dariya tana share hanci da bayan hannu. "Sake yi."

"Yanzu?"

"Yanzu. Wancan na tsaya saurare. Ban yi rawar aurena ba."

Ta sauka ta janyo Mikko. Muka sake daga farko. Wannan karon na fi yin kuskure, don ba na ganin wuyan jitar sosai, kuma hannuna biyu suna aiki, ba damar gogewa. Duane ya koma tserensa. Kowa ya shigo fili, har da fasto. Ban ga lokacin da Noreen ta ajiye jakar ba, na dai gan ta zaune a kujerar da ke kusa da ƙofa, wata tsohuwa tana riƙe da hannunta.

Yau kafaɗata kamar an doke ni da itace. Idanuna sun kumbura.

Duane ya kira ɗazu. Wai Hilda tana tambaya ko za mu koma wasan Asabar, ko ta nemi wasu.

"Me zan ce mata, tsohuwa?"

Na ce ya zo ya ɗauke ni da wuri. Amfilifayar nan ta fi ƙarfina ni kaɗai.